Yadda ake shirya zaman keɓewa don rubutu a tsibirin Bali

Bali tsibiri ne a ƙasar Indonesiya, kuma shi ne lardin da mabiya addinin Hindu suka fi rinjaye a ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Marubuta daga ƙasashe da dama kan je can su keɓe na mako ɗaya ko biyu ko wata guda, su yi rubutu da safe, da yamma su shiga gari su ga yadda mutanen wurin ke gudanar da rayuwarsu da ibadarsu. Tafiyar tana da amfani idan an tsara ta, amma mutane da yawa kan dawo da hotuna cike da waya da shafi biyu kacal a littafin rubutu. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: ba a ware wa rubutu lokacinsa tun daga gida ba, sai yawon buɗe ido ya cinye shi.

Fara da aikin da za ka tafi da shi

Kafin ka nemi kuɗin jirgi, rubuta a takarda abin da kake so ka dawo da shi, kuma ya zama abin da ake iya ƙirgawa: babi uku na littafi, gajerun labarai biyu, waƙoƙi goma, ko gyaran rubutun da ka riga ka gama. "Zan je in samu ilhama" ba aiki ba ne. Idan sabon rubutu ne, kalmomi 600 zuwa 800 a yini sun ishi mafi yawan mutane, wanda ke nufin kwana goma na aiki za su ba ka kalmomi 6,000 zuwa 8,000. Idan gyara ne, buga rubutun a takarda ka tafi da shi, ka raba shafukan bisa kwanakin da kake da su.

Mako biyu shi ne mafi ƙarancin da ya dace da mai tasowa daga Afirka ta Yamma. Agogon Bali yana gaban na Najeriya da Nijar da awa bakwai, don haka ƙarfe shida na safe a garin Ubud na Bali ƙarfe sha ɗaya na dare ne a Kano. Kwana biyun farko jikinka ba zai yarda gari ya waye ba. Kada ka sa wa kanka adadin kalmomi a cikinsu. Sauran lissafin: kwana goma na aiki, biyun ƙarshe na dubawa da haɗa kaya.

Biza da takardu

Nan ne ya kamata a fi ba da lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Indonesiya tana ba 'yan ƙasashe da dama biza a filin jirgi, ta kwana 30 a kan rupiya (kuɗin ƙasar) 500,000, amma fasfon Najeriya ba ya cikin wannan rukuni. Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da ake yi wa ƙarin tantancewa kafin a amince, kuma ana buƙatar wani mutum ko kamfani a cikin Indonesiya ya tsaya maka. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa masu shirya zaman ita ce ko za su iya tsaya maka a hukumance, kuma su amsa a rubuce. Fara neman bizar aƙalla wata uku kafin tafiya, ka tuntuɓi ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja don jin sharuɗɗan da ake aiki da su a lokacin. Mai fasfon Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan shi ma ya tambayi matsayin ƙasarsa, domin jerin yana sauyawa. Kada ka biya kuɗin zama ko tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida ko fiye daga ranar shiga. Tafi da katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin ana nemansa daga masu fitowa daga ƙasashen da cutar take. Tun daga 14 ga Fabrairu 2024 gwamnatin Bali tana karɓar harajin rupiya 150,000 daga kowane baƙo na waje, ana iya biya ta intanet a shafin Love Bali kafin a tashi. Babu jirgi kai tsaye, ana yada zango a Doha ko Dubai ko Istanbul a sauka filin jirgin Ngurah Rai da ke kusa da Denpasar, babban birnin Bali.

Gargaɗi ga mai niyyar kai ayari: bizar ziyara ba ta halatta aiki. Wanda ya tara marubuta ya karɓi kuɗinsu yana koyarwa a Bali ba tare da izinin aiki ba, hukumar shige da fice tana iya korarsa daga ƙasar. Idan ƙungiya ce za ta je, ta haɗa kai da kamfani mai rajista a can.

Duba kalandar Bali kafin ka tsayar da rana

Rani yana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, damina daga Nuwamba zuwa Maris. Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba cunkoso ne da tsada. Mayu, Yuni da Satumba sun fi dacewa da mai son natsuwa. Wanda ke son haɗuwa da sauran marubuta ya nufi ƙarshen Oktoba, lokacin da aka saba yin bikin marubuta da makaranta na Ubud, wanda Janet DeNeefe ta kafa a 2004 bayan harin bam da aka kai Bali a 2002. Amma ka sa bikin a ƙarshen zamanka, domin kwanakinsa na sauraro ne da hira, ba a rubutu a cikinsu.

Abin da baƙi suka fi mantawa shi ne mutanen Bali suna da kalandarsu guda biyu. Ta farko ita ce Saka, wadda sabuwar shekararta ita ce Nyepi, ranar shiru, galibi a watan Maris (a 2025 ta faɗo 29 ga Maris, a 2026 kuma 19 ga Maris). Daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na safen washegari ba a kunna wuta, ba a aiki, ba a tafiya, ba a nishaɗi. Filin jirgi ma rufe shi ake yi, kuma 'yan sintirin gargajiya da ake kira pecalang suna zagaye don tabbatar da kowa yana cikin gida, har da baƙi. Ga marubuci wannan rana ce mai daraja, in dai ya tanadi abinci, ya ja labule da dare, ya sauke duk abin da yake buƙata tun da wuri saboda akan katse intanet ɗin waya. Daren jajibirin kuwa ana zagaye gari da manyan mutum-mutumin dodanni, ogoh-ogoh, hanyoyi su toshe tun la'asar. Kada ka sa ranar sauka ko tashi kusa da waɗannan kwanaki biyu.

Ta biyu ita ce Pawukon mai kwana 210. A kanta ake lissafa manyan bukukuwan addininsu biyu: Galungan, wadda kullum Laraba take faɗowa, da Kuningan bayan kwana goma. A wannan tsakani tituna kan cika da penjor, dogayen gorori masu lanƙwasa da aka yi wa ado, kuma ma'aikatan masauki da direbobi da yawa kan koma ƙauyukansu, don haka hidima tana raguwa. Ranar ƙarshe ta wannan kalanda ita ce ranar Saraswati, wadda suke ɗauka allahiyar ilimi: ana tara littattafai da tsofaffin rubuce-rubuce a yi musu hadaya, kuma bisa al'ada mutane da yawa kan dakatar da karatu da rubutu a ranar. Idan kana zaune a gidan iyali, ladabi ne ka yi aikinka a cikin ɗaki ranar, kada ka baje takardu a tsakar gida. Aika wa mai masaukinka ranakun da ka zaɓa ka tambaye shi waɗanne bukukuwa ne za su faɗo a ciki, har da odalan, bikin zagayowar ranar kafa wurin bautar unguwarsu, domin kiɗansu na gargajiya, gamelan, kan kai tsakar dare.

Inda za ka zauna

Ubud, a gundumar Gianyar, ita ce cibiyar wannan harka. Daga filin jirgi tafiyar awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi, ya danganta da cunkoso. Tsakiyar garin, wajen fada da kasuwa, ƙarar babura ba ta yankewa, don haka nemi ɗaki a gefe, kamar Penestanan ko Nyuh Kuning, inda za ka iya takawa zuwa gari amma ka yi barci cikin shiru. Wanda ke da babban aiki kuma ba ya buƙatar jama'a, Sidemen a Karangasem ta fi masa: gonakin shinkafa ne masu hawa-hawa a gindin dutsen Agung mai aman wuta, ba abin da zai ɗauke hankali. Munduk a tsaunukan arewa tana da sanyi da dare. Canggu da Kuta da Seminyak wuraren shaƙatawa ne, ba su dace da wannan niyya ba.

Kafin ka biya, nemi a turo maka hoton teburin da ke ɗakin da kujerarsa. Ɗakuna da yawa masu kyau a hoto ba su da tebur sam, ko kuma ɗan gajeren teburin shayi ne da zai karya maka baya a kwana uku. Tambayi ko ana gini a maƙwabta, ko akwai gidan sauro, ko fitilar ɗakin tana isa karatu. Zakaru da karnuka ba a raba su da ƙauyen Bali, sai ka tafi da abin toshe kunne. Tambayi kuma ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, domin otal-otal da yawa kan ƙara kusan kashi 21 cikin ɗari a kan abin da suka tallata.

Idan shiryayyen zama za ka shiga, wanda ake biyan kuɗi gaba ɗaya, karɓi jadawalin yini-yini ka ƙirga awannin rubutu kai kaɗai. In ba su kai uku a yini ba, yawon buɗe ido ne aka sa wa sunan rubutu. Bincika ko mai jagorancin ya taɓa wallafa wani abu kuma ka karanta shi. Ƙungiyar da ta wuce mutum goma sha biyu ba za a samu lokacin duba aikin kowa ba. Sannan ka tambaya da wane harshe za a yi bita: in da Hausa kake rubutu, babu wanda zai iya gyara maka a can, don haka ko ka shirya fassarar shafi biyar don tattaunawa, ko ka yi zaman kanka ka ajiye wani abokin rubutu a gida da za ka riƙa tura wa aiki.

Tsarin yini

Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kuma tana faɗuwa wajen shida da 'yan mintuna kusan duk shekara. Tashi da asuba, bayan salla ko addu'arka ka taka na minti talatin. A Ubud hanyar tudun Campuhan ta dace da haka kafin zafi ya taso. Daga bakwai zuwa goma da rabi rubutu ne zalla, waya a kashe tana cikin jaka. Raba shi gida biyu da hutun minti goma sha biyar. Kada ka gyara abin da ka rubuta jiya a wannan lokaci, sai dai ka karanta sakin layi na ƙarshe don ka kama zaren. Tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya, ka rubuta layi ɗaya na tunatarwa don gobe.

Bayan azahar hutu. Fita kallon al'adu kuwa sau uku a mako ta isa, kuma wuri ɗaya a kowace fita. Kiran gida ka bar shi sai takwas na dare, lokacin ƙarfe ɗaya na rana ne a Najeriya da Nijar. Faɗa wa iyali wannan lokaci tun kafin ka tashi, in ba haka ba kiransu na dare zai riƙa tashinka ƙarfe uku ko huɗu na asuba.

Shiga wuraren bauta, da iyakar da za ka ja wa kanka

Kowace safiya za ka ga canang sari, ƙananan faifan ganyen kwakwa da furanni da turaren tsinke, a bakin ƙofa da kan hanya. Duba ƙasa kada ka taka, musamman in turaren yana ci. Ba a shiga pura, wato wurin bauta, sai da zane a ɗaure a ƙugu da ɗamara a kansa, namiji da mace, kafaɗu a rufe. Mace mai haila ba ta shiga, haka mai ciwon da ke zubar jini. Kada ka tsaya a inda kanka zai fi na limaminsu tsawo yana zaune, kada ka gitta gaban masu addu'a, kada ka haska fitilar kyamara. Ana miƙa abu da karɓa da hannun dama, ba a taɓa kan mutum ko da yaro ne. Ka kira namiji Pak, mace Bu, kafin sunansu. Gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fitar da takardar ƙa'idojin baƙi a 2023, kuma an kori mutane daga tsibirin saboda wulaƙanta wurare masu tsarki.

Shirye-shiryen rubutu da yawa suna sa melukat a jadawali, wato wankan tsarkakewa, galibi a Tirta Empul da ke Tampaksiring, maɓuɓɓugar da aka gina wurin bauta a kanta a shekarar 962. Akan tallata shi kamar wankan samun natsuwa, amma a wurin masu shi ibada ce: ana gabatar da hadaya, a yi addu'a, sannan a bi bututun ruwan ɗaya bayan ɗaya, wasu ma an keɓe su don hidimar mamata. Musulmi ko Kirista ya yanke shawara tun daga gida abin da zai kalla da abin da ba zai shiga ba, ya sanar da masu shirin a rubuce. Mutanen Bali masu addini ne, sun fi girmama wanda ya ce "ni zan tsaya gefe in kalla" a kan wanda ya shiga ruwa don hoto. Haka batun yayyafa ruwan tsarki da liƙa ƙwayar shinkafa a goshi bayan addu'a: ɗan sunkuyar da kai da murmushi ya isa a wuce ka. Kallo da tambaya suna ba marubuci abin da yake nema ba tare da ya taɓa imaninsa ba.

Batun abinci yana buƙatar kula. Gasasshen alade, babi guling, shi ne fitaccen abincin biki, kuma lawar, wani kwaɗon kayan lambu da kwakwa, akan haɗa shi da naman alade ko ɗanyen jini. Nemi shagunan da aka rubuta warung Muslim (shagon abincin Musulmi) ko masakan Padang (girkin yankin Padang na Musulmi), ko masu tambarin halal. Alƙibla tana yamma da ɗan karkata zuwa arewa. Masallatai sun yi ƙaranci a Ubud, don haka ranar Juma'a ka shirya mota tun ƙarfe sha ɗaya zuwa garin Gianyar ko Denpasar. Akwai tsofaffin al'ummomin Musulmi a tsibirin: Kepaon a Denpasar, Loloan a Jembrana, da Pegayaman a Buleleng inda Musulmi ke amfani da sunayen haihuwa irin na Bali kamar Wayan da Ketut. Ziyarar ɗaya daga cikinsu za ta nuna maka fuskar Bali da jadawalin masu yawon buɗe ido ba ya kaiwa.

Mayar da abin da ka gani rubutu

Kada ka fito da littafi a tsakiyar biki. Kalla da idonka, in ka dawo ɗaki ka ba kanka minti ashirin kafin ka yi magana da kowa. Rubuta abu biyar da ka gani, uku da ka ji da kunne, ɗaya da ka shaƙa, ba tare da kalmar yabo ko ɗaya ba. Bayan haka ka rubuta tambaya ɗaya da ba ka san amsarta ba, ka kai wa mai masaukinka washegari. Abin da ke lalata rubutun baƙi shi ne saurin fassara: mutum ya ga abu sau ɗaya ya yanke ma'anarsa.

Wurare uku sun fi ba marubuci abin tunani. Na farko subak, tsarin rabon ruwan noma da manoma ke gudanarwa da kansu ta hanyar wuraren bautar ruwa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Je Jatiluwih da ɗan jagora manomi ka bi ruwan daga sama zuwa ƙasa, ka tambayi wa ke yanke ranar shuka da yadda ake sasanta rigima. A nan za ka fahimci Tri Hita Karana, aƙidarsu ta daidaita alaƙar mutum da abin bauta, da ɗan'uwansa, da ƙasa, fiye da yadda lacca za ta bayyana. Na biyu lontar, rubutun da ake yi a ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginya: ana kanƙara haruffa da 'yar wuƙa mai suna pengrupak, a goga ƙonanniyar ƙwayar wata bishiya da ake kira kemiri, baƙin ya shiga cikin zanen. Ɗakin ajiya na Gedong Kirtya a Singaraja, wanda aka kafa a 1928, yana da tarinsu, kuma a ƙauyen Tenganan ana iya zama da mai sana'ar a gwada. Wanda ya kwashe awa guda yana kanƙara layi biyu da ba a iya gogewa zai koma teburinsa da wata irin kula da kalma. Na uku wasan inuwa, wayang kulit, inda mutum ɗaya, dalang, ke riƙe muryoyin dukan taurari. Marubucin labari ya lura da yadda barorin ban dariya ke mayar da maganar sarakuna, wadda ake yi da tsohon harshen Kawi, zuwa harshen da 'yan kallo ke ji.

Idan an gayyace ka ngaben, bikin ƙona gawa, ka tuna iyali ne ke sallamar mamacinsu ko da ka ga taron da kiɗa da raha. Nemi izini kafin hoto, ka tsaya bayan dangi.

Abubuwan da ke ɓata tafiya

Ciwon ciki shi ne na farko, yana cin kwana biyu zuwa uku. Kada ka sha ruwan famfo, ka tafi da gishirin haɗa ruwan zawo. Sauron da ke kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, don haka shafa maganin sauro kafin ka zauna rubutu a baranda. Akwai ciwon haukan kare a tsibirin tun 2008: cizo ko yaƙushin kare ko biri, wanke da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar ka tafi asibiti a ranar. Ana tuƙi ta hagu, hanyoyin ƙanana ne, kuma haɗarin babur yana yawan kwantar da baƙi. In ba ka da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa inshora na iya ƙin biya, don haka ɗauki direba ko ka yi amfani da manhajar kiran abin hawa ta Grab ko Gojek, da sanin cewa wasu unguwanni ba sa barin su ɗauki fasinja. Dokar ƙwayoyi a Indonesiya tana kaiwa ga hukuncin kisa: kada ka riƙe wa kowa saƙo, kuma duk maganin da kake sha ya zo a kwalinsa da takardar likita.

Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, mai fulogin Najeriya mai ƙafa uku yana buƙatar adafta. Laima tana da yawa, takarda tana lanƙwashewa kuma tawadar ruwa tana baje, biro ya fi. Kowane dare ka tura wa kanka aikin yini ta imel, shafukan hannu kuma ka ɗauke su hoto. Ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗinka don abin da ba a zata ba, domin tokar dutsen Agung ta taɓa rufe filin jirgi na 'yan kwanaki a Nuwamba 2017.

Kwana biyun ƙarshe

Daina sabon rubutu. Karanta duk abin da ka yi da murya a zama ɗaya, ka yi alama a gefe ba tare da gyara ba, sannan ka rubuta shafi guda na abin da ya rage da tsarin da za ka bi. Duk kalmar Bali ko bayanin al'ada da ka sa a rubutun, ka zauna da mai masaukinka ko jagoranka ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara maka rubutunsu da ma'anarsu. Wanda ka ambata da suna ka tambaye shi ko ya yarda, in bai yarda ba ka sauya sunan da abin da zai sa a gane shi. Karɓi lambar wanda za ka iya tura wa tambaya daga gida, domin sai an fara gyara ake gano giɓin da aka bari. Kafin ka hau jirgi, sa ranar da za ka koma kan rubutun a kalandar wayarka, kada ta wuce kwana bakwai da saukarka, kuma ka tura wa abokin rubutunka babin farko da ranar da kuka yi alkawarin tattaunawa.